Ƙofar Bayan Motar Gawa

Ranar da Nevena ta shigo garejin da ke bakin hanyar Vidin, makanikai suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ba ita suke gudu ba, motar suke gudu. Motar gawa ce ta babanta, Baba Todor, ita kaɗai a garin da matasa suka ƙaura Jamus suka bar tsofaffi da takardun sanarwar mutuwa manne a jikin bishiyoyi.

Radoslav mai goge fenti ne kawai bai motsa ba. Ta ce masa an yi wa motar sabon baƙin fenti, amma mai fentin ya goge ta da ƙazamin tsumma. A inuwa tas take, da rana ta fito sai zane-zane su bayyana zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Masu makoki kuwa a ƙafa suke bin motar har maƙabarta, idonsu a kanta.

Ya shafa ƙarfen, ya ce sai fentin ya gama bushewa, sannan a bi shi gefe-gefe, don mutuwa ba ta ba mota hutu.

"Ba ka tsoronta?" ta tambaya.

"Fasinjojinku ba sa ƙorafi. Ni masu rai ne suka ishe ni."

Ta yi dariya, ita da ta manta yadda ake yi.

Haka aka fara. Duk ranar da ba jana'iza ta kawo motar, ya goge gefe ɗaya, tana riƙe masa fitila. Ya koya mata riƙon injin: kada a danna, kada a tsaya wuri guda, don fenti siriri ne, in ya ƙone ya tafi ke nan. Aikin kwana kaɗan Radoslav ya ja shi har bazara, kuma kowa ya san dalili.

"Direbata, yau ba wanda ya mutu? Kewarki ta kusa sa ni zama na farko," ya rubuta mata.

"Mai soso, kama bakinka. Ba na ɗaukar wanda nake so."

To, magana ta kai kunnen Inna Penka, mahaifiyarsa. Matar nan, ko a hanya ta ga Nevena sai ta tsallaka ta tofar da yawu. Ta rantse ɗanta ba zai ci burodin da aka saya da hawayen mutane ba. Ga wadda ta zaɓa masa, Desislava 'yar maƙwabta, da aiki a Stuttgart ta Jamus da ɗaki a shirye. Ta yi kuka, ta kwanta ciwo, har Radoslav ya daina ɗaga waya. Wallahi abin haushi ne, amma uwa uwa ce.

A shagon burodi Nevena ta ji cewa an saya masa tikitin bas zuwa Stuttgart. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Layi ɗaya ta aika: "Saura ƙofar baya. Bar ta, na gode."

Bai amsa ba. Kunya ta hana shi, ita kuwa ta ɗauka amsar ke nan.

Ana saura kwanaki tafiyarsa, mahaifinsa ya faɗi a gonar inabi, bai tashi ba. Mota ɗaya ce a garin. Inna Penka da kanta ta kira Baba Todor, muryarta kamar ba tata ba. Shi kuwa yana kwance da ciwon baya, don haka tuƙi ya faɗo kan Nevena.

Da jin labari ta ari inji, ta tsaya kan ƙofar baya ita kaɗai. Ta san nan idon matar zai tsaya tun daga coci har kabari. A kusurwa ɗaya ta danna fiye da kima, fentin ya ƙone kamar girman ƙwandala.

Washegari rana ta fito fes. Inna Penka na bayan motar, da baƙin ɗankwali da gwiwarta mai ciwo. Ta ɗaga ido, ba zane ko ɗaya, sai fuskarta da ta ɗanta a cikin baƙin fentin, da akwatin gawar mijinta ta cikin gilashin ƙofar. A hawan tudu ƙafarta ta gaza. Motar ta rage gudu. Ta tsaya tana haki, motar ta tsaya. Ta ɗaga ƙafa, motar ta motsa. Har maƙabarta ba a bar ta a baya ko taku ɗaya ba, Nevena na kallonta ta madubi.

Radoslav kuwa tabon nan ya gani, ya gane hannun wa ne. A nan kukan da ya riƙe ya ƙwace masa.

Bayan an raba dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci, Nevena ta koma gefe kamar kullum, don ba a gaisawa da masu ɗaukar gawa. Ya zo ya tsaya kusa da ita a gaban kowa.

"Kin danna," ya ce.

"Malamina ya gudu."

"Ya dawo, in za a karɓe shi."

Bas ɗin Stuttgart ya tafi ba shi. Inna Penka ta jira har shekara ta zagayo ta cire baƙin kayan takaba. Sannan ta gasa banitsa, burodinsu mai cuku, ta ɗauka da kanta zuwa gidan su Nevena, gidan da ba ta taɓa takawa ba.

Bikin auren ƙarami ne, tsofaffi sun fi yawa. Motar na fake a bayan coci, tabon na nan, Radoslav ya ƙi gyara shi. A bakin ƙofa Inna Penka ta ba amarya burodi da zuma, ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, 'yata, ya cika gidan da yara. In ranata ta zo, ke za ki tuƙa ni. A hankali, kamar yadda kika yi wa maigidana."

"Sai kin goyi jikoki tukuna, Inna," Nevena ta ce, ta sumbaci hannun.