Bindigar Abu Rashid

Ana idar da la'asar aka kira Sufeto Uwais Hausawi: an sace bindiga a wani gida a unguwar Al-Nasiriya.

Gida ne ƙato, shiru kamar an yi ƙaura. Mai gidan, Abu Rashid, tsoho ne. Matarsa ta rasu bara, 'ya'yansa duk suna Turai. Abin da ya rage masa kabad ɗin gilashi ne, da ƙananan bindigogi na da guda goma sha biyu, masu tura harsashi da kansu, kowace da lasisinta. Yanzu saura sha ɗaya.

"Me kake yi da su?" in ji Uwais.

"Kallo. Kowace ta bi hannun mutane kafin ta iso gare ni. Dubi yadda ƙotar wannan ta suɗe da riƙo."

Uwais ya duba. Ba a fasa gilashi ba. Ga mai zanen zinariya nan tana walƙiya, amma ɓarawon ya tsallake ta ya ɗauki mafi muni. Wannan wane irin ɓarawo ne?

Aka kira direba, Nafiou.

"Wallahi ban taɓa shiga ɗakin nan ba."

"Miƙo wayarka."

Ga hotonsa da mai zinariya a hannu, ya sha kunu kamar soja.

"Don 'yan Zinder su gani ne, ranka ya daɗe! Ai ba ta tashi. Duk an cire musu allurar harbi, ɗaya ce kawai ke tashi."

"Wacce?"

"Wadda ta ɓata. Buraima ya gaya mini."

Buraima dattijo ne ɗan Maraɗi, shekara goma sha tara yana shafa wa bindigogin mai duk Juma'a. Uwais ya same shi a kicin, ya ajiye Larabci ya yi masa Hausa.

"Baba, ina bindigar?"

"Ban san komai ba, yallaɓai."

"Ɓarawo ya gama sata, ya goge gilashi tas, ya kulle, ya mayar da makulli mazauninsa? Haba Baba. Wannan hannun mai aiki ne."

Buraima ya tura hannu cikin buhun shinkafa ya zaro ta, naɗe a tsumman mai.

"Shekaranjiya mai gida ya ce in kawo masa harsashi. Ɗaya tak. Mai zuwa filin harbi ba ya neman harsashi ɗaya, ɗana."

Tausayi ya kama Uwais. Amma ƙarar makami in ta shiga ofis ba ta janyuwa, ko da kafilin, wato mai gidan, ya yafe.

"Ka san iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ta tafi ke nan?"

"Na sani tun kafin in taɓa ta."

Uwais bai sa masa ankwa ba. Ya kwashe harsasan gidan duka, ya karɓi lambar wayar babban ɗan mai gidan. Abu Rashid na tsaye bakin ƙofa, ya kasa ɗaga ido.

A bakin mota Buraima ya riƙo hannun rigar sufeton.

"Don Allah ka riƙa leƙo shi. Ba ya iya cin abinci shi kaɗai."