Ƙarasau Ta Ari Bakin Zulai

Fitilar da ke goshin na'urar ta koma kore, alamar ta gama auna numfashin yarinyar da bugun zuciyarta.

"Da igiyar ta tsinke," in ji Zulai, "sai na..." Ta yi shiru.

"Sai na saki hannun Luba, kuma tun ranar nake ganin ni na kashe ta." Na'urar ce ta ƙarasa mata, da murya irin tata sak.

Zulai ta ɗan jima, sannan ta gyaɗa kai. A bayan gilashi, mahaifiyarta Injiniya Kubura Sambo ta duba allo, ta ga layin fargaba ya sauka. Ta rubuta sakamakon.

Ƙarasau ake kiran na'urar, kuma Kubura ce ta ƙera ta. Kafin zuwanta, a Birnin Tudun Rima maganin damuwa da firgici na baka ne. Majinyaci zai zauna gaban likitan ƙwaƙwalwa ya ba da labarinsa da bakinsa, yau kaɗan gobe kaɗan, har abin ya daina razana shi. To amma mutanen birnin, duk benayensu masu hawa ɗari, kunya ba ta bar su ba. Mutum zai cinye awa guda yana kallon takalminsa. Kubura ta auna, ta tarar rabin kowane zama shiru ne, ita kuwa ba ta ƙaunar ɓata lokaci. Sai ta ɗura wa na'ura labaran majinyata dubu ɗari huɗu. Da ka fara magana ka sarƙe, Ƙarasau za ta zaɓo jimlar da masu irin ciwonka suka fi faɗa, ta faɗe ta a madadinka. Kai dai naka gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ce ta ƙi tafi ranar ƙaddamarwa, Dakta Atine, wadda ta shekara talatin tana sauraron mutane.

"Injiniya, shirun nan da kika yanke, a cikinsa mutum ke neman maganarsa," ta ce.

"Ai mun sauƙaƙa masa neman, Dakta."

Aka yi dariya, wata biyu bayan nan aka yi wa Atine ritaya.

Sannan motar igiya, wadda ke tsallaka kogi a rataye, ta faɗo da 'yan makaranta. Zulai, mai shekara goma sha shida, ta rayu. Ƙawarta Luba ta rasu. Zulai ta daina cin abinci, ko ƙofa aka buga sai ta zabura.

Zulai 'yar fari ce. Kubura, mai digiri uku, ba ta taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", yadda tata uwar ta yi da ita. Ina za ta iya zama ta tambaye ta abin da ke ranta? Sai ta kai ta wurin Ƙarasau, ita ta tsaya bayan gilashi. Gaskiyar magana, ta ji daɗin gilashin.

An yi zama goma sha biyu. Kullum na'urar na maimaita labarin sakin hannu, tana koya wa Zulai yadda za ta yafe wa kanta. A zama na biyar yarinyar ta fara faɗinsa da kanta, ba gargada. Allo ya ce ta warke. Ta koma makaranta, tana ci, tana barci. Hannunta na dama ne kawai ba ta ƙara miƙa wa kowa ba, ko a gaisuwa.

Ranar wata Laraba da hantsi, kwamitin binciken haɗarin ya aiko wa iyaye hoton bidiyon cikin motar. Kubura ta buɗe a ofis. Ta ga motar ta karkata, ta ga ruwa ya shigo. Ta ga 'yarta riƙe da hannun Luba. Minti goma sha tara tana riƙe da shi, har masu ceto suka iso. Sai da ƙato biyu suka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Kubura ta mayar da hoton baya sau huɗu. Ta kira Atine.

"To me take son faɗa a zaman farko?" Kubura ta tambaya bayan ta gama bayani.

"Ni za ki tambaya? Da an jira ta, da mun ji."

"Majinyata dubu sittin suka bi ta hannun na'urar nan, Dakta."

"Fara da taki," in ji Atine.

Ta koma gida kafin la'asar, abin da ba ta saba ba. Ta tarar da yarinyar a baranda tana tsinke zogale da hannun hagu. Ta zauna kusa da ita a ƙasa. Ta daure ta kira sunanta.

"Zulai."

Yarinyar ta ɗago da mamaki.

"Ba ki saki hannunta ba. Na gani da idona. Kin riƙe ta har ƙarshe."

Ta ɗora mata wayar a cinya. Zulai ta kalli hoton daga farko har ƙarshe, fuskarta ba ta canja ba, kamar mai kallon 'yar wasu.

"Umma, wannan ba daidai ba ne," ta ce a natse. "Na sake shi. Ina tunawa sarai, har yadda yatsunta suka zame."

"Ranar farko kin ce 'sai na', kika yi shiru. Me za ki ce? Faɗa mini, zan jira. Ko awa nawa ne zan jira."

Zulai ta yi ƙoƙari, ana ganin ƙoƙarin a goshinta. Kubura ta kama bakinta, ba ta duba agogo ba. Jiragen haya suna ta giftawa ta saman baranda. Can yarinyar ta girgiza kai.

"Na neme shi, Umma, babu. Ko za a kunna Ƙarasau ta gaya mana?"