Ƙishirwar Mama Domnica

Rana ta yi ja lokacin da Tiberiu ya tsayar da motar a ƙofar gidan mahaifiyarsa don ya cika tankin ruwa. Motar irin mai ɗaki a ciki ce, da gado, da murhu, da ɗan bayi, da kwanon wanke-wanke mai famfo. Shekara uku ya yi yana gyaranta da hannunsa a birnin Craiova, yau ce kuma fitarta ta farko zuwa duwatsu. Ya ce da matarsa Viorica duk ƙasar babu ruwa mai daɗin na rijiyar Mama, kuma a nan dai bai yi ƙarya ba. Ƙaryarsa tana wani wuri dabam.

Yau kwana arba'in da rasuwar Mama Domnica.

A ƙauyukansu idan mutum ya mutu, kullum da sassafe akan ɗebo ruwa guga biyu a kai gidan maƙwabta sadaka da sunansa, har kwana arba'in, don kada ya kama doguwar hanyarsa da ƙishirwa. Domnica ta yi wa rabin matattun garin wannan hidima, har kafaɗarta ɗaya ta karkace. Ranar da za ta cika, a gadon asibiti, ta riƙe hannun ɗanta da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Tibi, ba na son dutse mai tsada a kabarina," ta ce. "Ruwan dai. Ka sa a yi mini ruwan."

"Za a yi, Mama."

Viorica ta ce za ta ɗauki hutu ta zauna a ƙauyen ta ɗebo da kanta. Shi kuwa ya ce ta huta, ya riga ya gama magana da Gwaggo Veta, tsohuwar da ke katanga ɗaya da Mama. Bai gama ba, bai ma fara ba. Gwaggo Veta ce ta yi jinyar Mama sanyi biyu a jere lokacin da shi yake kwance ƙarƙashin mota yana ɗaure noti, kuma idonta ba ya ɓoye abin da ke ranta. Kunyar haɗa ido da ita ta sa ya ce gobe. Goben ta haifi jibi. Daga baya ya riƙa lallashin kansa cewa ai al'adar tsofaffi ce, wanda ya mutu ina shi ina ƙishirwa.

Yanzu ga shi tsaye bakin rijiyar, yana murɗa ƙarfen, sarƙa tana kuka. Guga goma ya ja, yana juyewa a tanki ta mazurari. Kowane guga ya fi na baya nauyi a zuciyarsa.

"Bari in leƙa Gwaggo Veta in yi mata godiya," in ji Viorica. "Kwana arba'in tana jan ruwa da wannan bayan nata."

"Ba ta nan."

"Ba ta nan kamar yaya? Ga hayaƙi can yana tashi a gidanta."

"Viorica, hanyar nan ba fitila. Shiga mu tafi, ma gaishe ta a dawowa."

Ta dube shi, ta shiga. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bai saki numfashi ba sai da hasumiyar cocin garin ta ɓace a madubi.

Kwalta ta ƙare, suka hau tsakuwa. Hanyar ta riƙa nannaɗewa cikin kurmi, rassa suna kartar rufin motar, cokula suna ƙara a aljihun kabad. Sansanin masu yawon buɗe ido wani fili ne a ƙarshen hanyar, da shingen katako da 'yar bukka. Duhu ya fara sauka sa'ad da suka isa. Ba mota ko ɗaya sai ta mai tsaron wurin, wani dattijo mai suna Ilarie, wanda ke shirin kulle bukkarsa.

Ya zagaya motar yana leƙe. "To, wannan gida ne ko mota? Kai ka more, ɗana. Ranar da uwargida ta kore ka sai ka tafi da gidan gaba ɗaya."

"Ni zan tuƙa, Baba, in bar shi a titi," in ji Viorica.

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya jona musu wayar lantarki, sannan ya ce, "Ku kaɗai ne fa, sanyi ya kori baƙi. Famfon nan na rufe shi kada ya fashe, rafin kuma bana ya ƙafe ƙaf. Kuna da ruwa?"

"Tanki cike," in ji Tiberiu.

"To madalla. Gidana ne na farko idan kun gangara. Sai da safe."

Ƙarar motarsa ta yi nisa har ta ɓace. Abin da ya rage sai iska a cikin ganye.

Viorica ta tuƙa tuwon masara, ta barbaɗa cuku, ta haɗa shayi. Kafin su ci ta kunna kyandir ta kafa a bakin taga, ta yi alamar gicciye. "Yau Mama za ta wuce," ta ce a hankali. "Ta sha ruwanta ta ƙoshi. Allah ya kai ta lafiya."

Tiberiu ya dubi kyandir ɗin. Ya so ya faɗa mata a lokacin, har ya buɗe baki, sai ya ga yadda fuskarta ta kwanta da natsuwa, ya mayar da maganar ciki.

Suna cikin cin abincin injin ruwa ya tashi.

Durrr.

Tiberiu ya san wannan ƙara kamar muryarsa, shi ya ɗaura injin a ƙarƙashin kujera. Ba ya tashi sai an buɗe famfo. Ya waiga. Famfon a rufe yake, ko ɗigo babu. Ya leƙa bayi, nan ma a rufe.

"Ƙila wani wuri ke yoyo," ya ce.

A jikin bango akwai ƙananan fitilu huɗu masu nuna yawan ruwan tanki. Yana kallo ta saman ta mutu.

Ya ɗauki tocila ya fita. Sanyi ya mare shi. Ya durƙusa ya haska ƙarƙashin motar: ciyawa a bushe. Ya ƙwanƙwasa tankin da ruwan datti ke taruwa, ya ji shi fayau. Ruwa yana barin tanki, ba ya zuba ƙasa, ba ya bin magudana. To ina yake zuwa?

Da ya koma ciki, wani wari ya tare shi a ƙofa. Busasshiyar ɗoɗɗoya, irin wadda Mama ke cusawa a ɗankwalinta.

Viorica tana zaune ba motsi, cokali a hannu. "Saurara," ta raɗa.

A ƙarƙashin ƙarar injin akwai wata ƙara. Ƙwat. Ƙwat. Ƙwat. Maƙogwaro ne ke haɗiya, da sauri, ba numfashi a tsakani, daga gaban kwanon wanke-wanke inda ba kowa.

Tiberiu ya danna makunnin injin ya kashe.

Injin bai tsaya ba.

Fitila ta biyu ta mutu.

"Iskokin daji ne, Tibi," in ji Viorica. "Mun sauka a kan hanyarsu."

Shi ya san ba su ba ne. Da aljanu ne da ya gode Allah.

Fitila ta uku. Ta huɗu. Injin ya yi gurnani, yana zuƙar iska a busasshen tanki, sannan ya yi tsit.

Harshen kyandir ya kwanta gefe guda.

Tiberiu ya duba kofinsa. Shayin da bai taɓa ba ya ƙafe, sai ganye manne a gindi. Na Viorica ma haka. Ya ɗaga buta, ya ji ta sakayau.

Gumin da tururi ya tara a gilashin taga ya fara gogewa ta ciki, layi ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Ana lasa.

Viorica ta yi tari. Ta dafe wuya. Leɓenta da ɗazu yake sumul ya tsattsage, ya yi fari.

"Ruwa," ta ce. Da ƙyar kalmar ta fito.

Ya jawo gorar da ke cikin firji. Marfinta a rufe, cikinta wayam.

"Tibi."

Ba Viorica ba ce. Muryar daga bayansa ta zo, dab da kunne, a bushe kamar ana murza ganyen masara.

"Guga goma ka ja yau, ɗana. Ina tsaye kusa da kai."

Ya gane muryar. Ya kasa waiwayawa.

"Na jira ka ce ɗaya nawa ne."

"Mama..."

"Ina sha, ba ya kai mini. Ba a ba ni ba."

Viorica ta ji. Idanunta suka taso suka sauka a kansa, kuma wannan kallon ya fi muryar yi masa ciwo.

"Ban yi ba," ya ce, kuka ya ƙwace masa. "Ban gaya wa Gwaggo Veta ba. Ko guga ɗaya ba a kai ba. Ƙarya na yi miki, Viorica. Mama, ƙarya na yi."

Hawaye suka gangaro masa. Wani abu mai sanyi, mai kaushi, ya taɓa kumatunsa.

Hawayen suka ɓace.

Abin ya koma ɗaya kumatun.

Viorica ta sulale daga kujera, kanta ya bugi ƙafar tebur. Numfashinta ya koma shaƙuwa.

Wannan ne ya tashe shi. Ya faɗa kujerar direba, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu, ta kama. Wayar lantarki ta tsinke da tartsatsi, ya ɗebi shingen katako ya wuce.

Bai kalli madubi ba. A bayansa ana buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaga kofuna, ana ajiyewa.

Kwana. Wata kwanar. Taya ɗaya ta leƙa rami ta dawo.

Warin ɗoɗɗoya yana kan kafaɗarsa.

Da ya hango fitilar gidan farko, ya danne hon bai saki ba. Ilarie ya fito da sanda, matarsa a bayansa. Tiberiu ya sunkuto Viorica ya shimfiɗa ta a ƙofar gidan.

"Ruwa, Baba! Ku ba ta ruwa!"

Dattijon bai yi tambaya ba. Ya ruga rijiyar tsakar gidansa ya jawo guga. Matarsa ta tallafi kan Viorica tana ɗiga mata da cokali, sannan da kofi. Sai a kofi na uku Viorica ta buɗe ido. Tiberiu ya zauna a ƙasa. Ya shaƙi iska, ya ji hayaƙin itace da warin tumaki kawai.

Sai da gari ya waye, yana zaune a tsakar gidan, idonsa ya faɗa kan rijiyar da gugan da ke rataye. Jiya da dare yana nan, taku biyar tsakaninsa da ita, ga mutane biyu masu rai da za su karɓa. Da ya ja guga ɗaya ya miƙa musu da sunan Domnica, da ta tafi da ko maƙurwa ce. Tsoro bai bar shi ya tuna ba. Yanzu ranar arba'in ta wuce.

Viorica ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube shi da tsattsagaggen leɓenta ta ce, "Ai na ce maka zan yi."

Bai koma Craiova ba. Ya buɗe gidan mahaifiyarsa ya zauna, motar kuma tana gefen rumbu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Washegari da asuba ya ja guga biyu ya nufi gidan Gwaggo Veta. Ya faɗa mata komai a tsaye, kansa a ƙasa. Tsohuwar ta saurara har ya gama, ta matsa gefe ya juye ruwan a randarta.

"Na Domnica ne," ya ce.

"Allah ya kai mata," ta amsa, kamar yadda ake amsawa.

Ya murza hannun gugan. "Gwaggo, wanda aka kai bayan arba'in, yana isa kuwa?"

Ta dube shi. Ba fushi a idonta, kuma hakan bai rage masa komai ba.

"Shekarata tamanin da ɗaya a garin nan, Tibi," ta ce. "Matalauta sun yi, mashaya sun yi, har wanda ba ya ga maciji da ubansa ya yi. Ban taɓa ganin wanda ya makara ba sai kai. Wa zan tambaya?"

Ya sunkuya ya ɗauki gugansa. Ya yi arba'in ɗin ya cika, ya sake wata. Limamin coci ya ce masa ya isa haka. Har dusar ƙanƙara ta rufe hanya, maƙwabta suna jin kukan sarƙar rijiyar Domnica kafin zakara ya yi cara.