Hoton Kaka Turai

Haske ne ya fara taɓa ta kafin ta ga mai shi.

Ranar kasuwar Dungas ce, shekarar da damina ta dawo bayan babban fari. Hinda ta ɗauko atamfa za ta kai ɗinki, tana sa ƙafa a zauren sabon telan unguwarsu sai wani haske ya mare ta a ido har ta saki ƙunshin. Da ta buɗe ido ta ga saurayi a tsugune, madubin gwajin kaya a hannunsa, gabansa ƙwarya a kife bisa turmi.

"Subhanallahi! Yi haƙuri, ba ke na nufa ba. Ƙwaryar nake haskawa."

Da wata budurwar ce, da ta kwashe kayanta ta ce telan ya taɓu. Hinda kuwa tun tana ƙarama ba ta iya wuce abu ba ta tambaya ba.

"Me ƙwaryar ta yi maka?"

Ya yi dariya, ya ce sunansa Isufu. Ya nuna mata wata tsohuwar kyamara da yayansa soja ya bar masa. A rana, in ji shi, kowa ma mai hoto ne, amma a cikin ɗaki duk abin da ya ɗauka baƙi ƙirin yake fitowa. Garin ba lantarki, filashi kuma ya fi ƙarfin aljihunsa.

"To me ya hana ka kunna fitila?"

"Na kunna. Aci-balbal, fitilar ƙwai, har tocila. Da aka wanko fim ɗin a Magaria, fitilar ce kaɗai ta fito."

"Madubin fa?"

"Shi yana kawo rana, sai dai da zafinta yake kawo ta. Gefe ɗaya ya yi fari fat, ɗayan ya yi dare."

Hinda ta zagaya ƙwaryar tana kallo. Ta yi tambaya ta yi tambaya, har ta koma gida da atamfarta a hamata, ta manta abin da ya kai ta.

Atamfar nan ta sha zarya. Yau hannu ya yi tsawo, gobe wuya ya matse. Yana kiranta Uwar Tambaya, tana kiransa Mai Madubi. Ita ce ta fara cewa ya gwada jefa hasken a kan farin yadin alawayyo maimakon kan ƙwaryar, suka ga ya dawo a sanyaye, duk zanen ƙwaryar ya tashi. Da hoton ya iso ya miƙa mata, a bayansa ya rubuta:

"Uwar Tambaya, ga amsar ɗaya. Ni ma ina da tawa tambayar, amma a gidanku nake so in yi ta."

Ta karanta ya fi a ƙirga. Son sa take, ba ta ma tsaya yi wa kanta gardama ba.

Sai dai mahaifinta, Malam Maiwada, ya riga ya tsani madubin nan. Katangarsu na kallon zauren, kuma wata safiya hasken ya ƙetare ya sauka a tsakar gidansa, yana rawa a kan mata suna daka. Shi a ganinsa, duk inda hasken madubi ya shiga, idon mai shi ma ya shiga.

"Wanda ke leƙa gidajen mutane da madubi?" ya ce da aka kawo masa maganar. "Ƙato da gemu, ya wuni yana juya ƙwarya? Ga Tamu na garin Waca, mai awon gyaɗa, mutum mai kamun kai. Kada in sake jin kin taka zauren nan."

Hinda ta so ta tambaye shi ta yaya madubi ke ɗauko gani ya kai wa mutum, amma ta dubi fuskarsa ta haɗiye. Ta yi kuka a ɗakin kakarta har ta gaji.

Kaka Turai, mahaifiyar Malam Maiwada, ta daɗe a kwance, ko tsakar gida ba a iya fito da ita. Tana da ɗa, Ɗanmalam, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun kafin a haifi Hinda, ya maƙale a Sudan. Kwanan nan wani matafiyi ya zo da labarinsa, ya ce zai koma bayan an gama girbi. Tun daga ranar tsohuwa ba ta da magana sai ta hoton da za a kai wa ɗanta.

Tamu ya yi abin kirki, ya ɗauko mai hoto daga Magaria a bayan mobilet, ɗan babur ɗinsa. Filashi ya walƙa, Kaka ta yi salati. Da hoton ya zo ta kai shi dab da hancinta, ta jima, sannan ta ajiye.

"Wannan ba ni ba ce. Ina tsagata? Fuska sumul kamar an shafe ta da toka! Na tsufa, haƙora sun zube, da me yaron zai gane ni in ba da tsagar gidanmu ba?"

Girbi ya kusa ƙarewa. Wata safiya Hinda na wanke manyan farantan da ake tara mata na jere, a bakin ƙofar Kaka. Ta ɗaga ɗaya don ya tsane, sai ta ga haske ya faɗa ɗakin ta gefe, ya kwanta a kumatun tsohuwa. Tsagar nan ta fito layi-layi. Ta sauke farantin, ta ɓace. Ta ɗaga, ta dawo.

"Kaka," ta ce da raɗa, "na san wanda zai iya."

"Ni ma na sani, ja'ira. Kira min ubanki."

Malam Maiwada ba ya musu da mahaifiyarsa. Washegari da hantsi Isufu ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi, aka amsa masa da ƙyar. Ya kife turmi ya ɗora kyamara don kada ta girgiza, ya rataya alawayyo a gefen gadon. Hinda ta tsaya a ɗaya gefen da faranti. Saura wanda zai tsaya a rana da madubi.

"Maiwada, karɓa mana," in ji Kaka.

Haka dattijo ya tsaya a tsakar gidansa, riƙe da abin da ya fi tsana, yana bin umarnin tela. "Baba, a ɗan ɗaga. A karkata hagu kaɗan. Yauwa!" Yana cikin karkatawa ya saci kallon madubin, ya ga ba abin da ke ciki sai sama da gefen rawaninsa. Ya sake dubawa. Sannan ya gyara riƙon.

Hasken ya daki yadin ya zubo a fuskar Kaka, farantin ya mayar da sauran a ɗaya kuncin.

"Matso da shi kusa," Isufu ya ce wa Hinda, bai yarda ya ambaci sunanta ba. "Kaka, kada a motsa."

Ya danna.

Hoton bai dawo daga Magaria ba sai ana gobe matafiyin zai tashi. Hinda na bayan ƙofa ta ga Isufu ya shigo, almakashin ɗinkinsa a aljihu. Ya durƙusa gaban Malam Maiwada, ya miƙa hoton.

"Baba, akwai kuskure," ya ce. "Tsohuwar kyamara ce, abin da take nuna min a tagar leƙe bai kai abin da take kamawa ba. In an yarda, yanzu zan yanke gefen."

Malam Maiwada ya karɓa. Ga mahaifiyarsa nan kamar za ta yi magana, kowace tsaga a wurinta. A gefe kuma ga Hinda da faranti. Ba Kaka take kallo ba, ba farantin ba. Wanda ke bayan kyamara take kallo, irin kallon da ba a yi wa tela don ya iya ɗinki.

Kaka ta fizge hoton, ta shafa kumatun takardar da yatsa, hawaye ya zubo mata.

"Ga ni. Wallahi ga ni." Ta matso da shi, sai ta fashe da dariya. "Kai! Wannan kuma wa take ci da ido haka? Ni na zaci ni take haskawa!"

Hinda ta rufe fuska da mayafi, ta so ƙasa ta tsage.

"Kawo almakashin," in ji Malam Maiwada.

Isufu ya miƙa. Dattijo ya buɗe bakin almakashin, ya saita shi tsakanin uwarsa da 'yarsa. Ya daɗe a haka. Rabonsa da ganin wannan fara'a a fuskar yarinyar tun ranar da ya hana ta zauren, kuma sai yanzu ya lura.

Ya rufe almakashin, ya mayar masa.

"Ɗan'uwana bai taɓa ganin 'yar nan ba, a bar masa ita. Sai dai zai tambaya wa take kallo, ni kuma ba na aika hoton da ba ni da amsarsa." Ya gyara murya. "Ka turo magabatanka."

An ɗaura aure kafin sanyi ya wuce. Tamu ma ya zo, ya yi addu'a tare da jama'a. Kaka ta sa aka kawo mata su biyun bakin gado, ta dafa kawunansu.

"Kun kai ni wurin ɗana ina kwance. Allah ya haskaka muku gida, ya ba ku masu yi muku fiye da haka."

Da aka yi jere, Hinda ta hana a sa farantin nan cikin 'yan'uwansa. Ta rataye shi daidai ƙofa, inda rana ke shigowa da safe.

"Mai Madubi," ta ce, "ina da tambaya."

"Na shiga uku. Yi, Uwar Tambaya."

"Da gaske ba ka gan ni a tagar leƙen ba?"

Isufu ya yi murmushi, ya kama hannunta.

"Kyamarar ce ta yi kuskure," ya ce. "Ni dai cewa kawai na yi ki matso."