Muryar Kaka a Wasan Lissafi

Akwai wata yarinya 'yar aji shida mai tsabtar tsiya. Duk abin da ta gani bai yi mata ba, sai kwandon shara.

A makarantarsu ta haɗa wasan lissafi na kwamfuta don 'yan aji ɗaya. Malamin kwamfuta ya ce ranar Alhamis za a saka shi a kwamfutocin makaranta goma sha biyu. Wata biyu ta yi tana jiran ranar.

Ba ita ta rubuta komai da komai ba. Ta ɗauko guntayen manhaja uku a intanet, aikin wasu mutane. Ɗaya na zana ƙwallaye, ɗaya na ƙirga maki, ɗaya kuma murya ce mai karanta lambobi. Ta haɗa su da nata a ƙunshi ɗaya, wanda in an danna shi sai wasan ya shiga kwamfuta.

Kowane guntu ya zo da fayil mai dogon rubutu. Ta yamutsa fuska, ta goge su duka.

Ranar Litinin Malam ya buɗe ƙunshin, ya yi ta dube-dube.

"Ina lasisin?" ya tambaye ta.

"Wane lasisi, Malam?"

"Takardun izinin masu kayan nan."

"Au, waɗannan? Na goge. Sun cika wurin da tarkace."

Malam ya cire tabarau, ya dafe goshi. "Ke kam! A haka ba zan saka shi ba."

"Amma ai kyauta ne, Malam."

"Kyauta ne, amma da sharaɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Ranta ya ɓaci. Ta sake ɗauko fayilolin tana ƙunƙuni, suka zauna karantawa layi bayan layi.

Mai ƙwallaye ya ce a bar sunansa da takardarsa a cikin ƙunshin. Mai maki ya ce duk wanda ya raba guntunsa, sai ya nuna wa mutane yadda ya rubuta nasa aikin. Mai murya kuwa ya ce a yi amfani da ita a kwamfuta ɗaya kawai, ban da rabawa.

"Mutum uku, sharaɗi uku," in ji ta. "Me ya hana su haɗa baki?"

"Kowa da ikonsa a kan kayansa," in ji Malam. "Cire muryar."

Ta cire. Wasa ya zama bebe, ga 'yan aji ɗaya ba su iya karatu sosai ba.

Ta koma gida tana huci. Kakarta na zaune a bakin ƙofa tana gyaran zare.

"Wa ya taɓa min ke?" in ji Kaka.

Ta ba ta labari. Kaka ta yi dariya. "Ƙirga ce ta gagara? Ni bakina ciwo yake?"

Suka ɗauki muryar Kaka da wayar Baba. Aiki ne ja. Kaka ta kai bakwai, ta tsaya tari. Ta kai goma sha biyu, ta shiga labarin akuyarta ta dā. Sau tara suna sakewa, har yarinyar ta kusa kuka.

Da suka gama, yarinyar ta ɗauko biro. "Kaka, kin yarda in raba muryarki?"

"Na yarda. Amma a rubuta tawa ce, kuma kada a sayar."

Ta rubuta, ta saka muryar da sharaɗin Kaka a ƙunshin tare da sauran takardun, da bayanin yadda ta rubuta nata aikin.

Ranar Alhamis Malam ya duba, ya gyaɗa kai. Can sai ga kwamfutoci goma sha biyu suna cewa da muryar Kaka, "Bakwai ne, ɗan nan, sake ƙirgawa." Yara suka fashe da dariya, kowa na rububin kujera.

Daga ranar ta gane cewa ko kyauta aka ba ka, ka karanta sharaɗin mai kaya kafin ka miƙa wa wani.