Sandar Baba a Gidan Sinuka

"Ɗan gidan sinuka? Zinariya, ban yarda ba!"

"Baba, Ɗahiru fa malamin firamare ne. Gidan na mahaifinsa ne, taya shi kawai yake yi..."

"Na gama magana."

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ne, gari sai murna ake yi, ni kuwa ko abinci ba ya shiga. Mahaifina, Malam Salihu, mai sayar da littattafai ne a Kasuwar Kurmi, mutum ne da dariyarsa ke wuyar gani. Ba zan iya saɓa masa ba, ba kuma zan iya cire Ɗahiru a raina ba.

Da na gaya wa Ɗahiru a soro, sai ya ce, "Kada ki yi kuka, hasken idona. Ko Baba ya ce a'a, ba zan ce ki bijire masa ba."

Wata Laraba bayan la'asar Baba ya saɓa babbar riga, ya ce zai je ya faɗa musu da bakinsa. Na yafa mayafi na bi shi nesa-nesa har gidan sinukan a Ƙofar Mazugal, na raɓe jikin taga.

Ban taɓa ganin cikin wurin ba. Ɗaki ne dogo mai sanyi, tsohuwar fanka na juyi a hankali, ga wani ƙaton tebur shimfiɗe da koren ƙyalle, ƙwallaye na sheƙi a kai kamar an wanke su da mai. Samari suka ga Baba suka ja gefe.

Mahaifin Ɗahiru, Alhaji Mailafiya, ya miƙe daga benci yana ƙifta ido.

"Salihu?... Kai ne?"

Baba ya matsa gaba. Teburin yake kallo. Ya kai hannu ya shafa wani tsohon ɗinki a gefen ƙyallen, ya ce:

"Har yanzu ba ka sake shi ba."

"Ina zan sake? Haruna ne ya yaga shi, shi ya ɗinke da hannunsa."

Haruna ƙanen Baba ne da ya rasu a hatsarin mota tun ban zo duniya ba. Ba a ambaton sunansa a gidanmu.

Alhaji ya ciro wata sanda daga bango ya miƙa masa. Baba ya daɗe yana dubanta, sannan ya naɗe hannun riga, ya goga alli a kan sandar, ya sunkuya.

Ƙas! Ja ta faɗa rami. Ƙas! Baƙa ta bi ta. Farar ƙwallon tana dawo masa kamar ya kira sunanta. Yana zagaya teburin cikin natsuwa, babu mai ko tari. Wayyo Allah... Babana ne wannan? Ɗahiru ya riƙe baki, ni kuwa hawaye kawai nake yi.

Da ƙwallon ƙarshe ta shige, Baba ya ajiye sandar ya share fuska da gefen rawani.

"Tun ranar da muka binne Haruna ban iya bin ko layin nan ba, Mailafiya. Ba ɗanka na ƙi ba."

"Na sani, Salihu. Na sani."

Baba ya juya ga Ɗahiru, wanda tuni ya durƙusa. "Za ka riƙe min ita amana?"

"Da yardar Allah, Baba."

"To, ka turo magabatanka."

Alhaji ya buɗe hannuwa. "Haba Salihu! Ni da ke tsaye gabanka fa?"

Sai Baba ya fashe da dariya, har da riƙe gefen tebur. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Ke kuma ta jikin taga, wuce gida ki shaida wa mahaifiyarki."

Bayan sallah ƙarama aka ɗaura mana aure. Gidan sinukan yanzu babu shi, shagon waya ne. Amma duk sanda na bi ta wurin da jikokina, sai na rage tafiya.