Saniyar Aro a Korgom

Da asubar Laraba Tanna ta fito da ƙwaryar tatsa, ta tarar da turke wayam. Babu saniya, babu maraƙi a cikin ɗan shingensa na ƙaya. Igiyar saniyar ce kaɗai ta rage, an naɗe ta tsaf an rataye a kan turken. Tanna ta ajiye ƙwarya ta zauna a ƙasa.

Saniyar ba tata ba ce. Shekarar da mijinta ya rasu, amininsa Iliyasu, wani Bafulatani daga wajen Mashi cikin Nijeriya, ya ba ta ita habbanaye. Aro ne da makiyaya ke yi wa wanda ya rasa: ka riƙe saniya ka sha nono, in ta haihu ɗan naka ne, idan an yaye ka mayar da uwar. Da nonon nan Tanna take ciyar da marayunta a Korgom. Yanzu ga yunwa a ƙofa, ga amanar mutum ta salwanta a hannunta, kuma ta biyun ta fi ci mata rai.

Kafin Ajidan Maharazu, wani hafsan jandarmomin Tasawa, ya iso a kan moto, wato babur, shi da jandarma ɗaya, gari ya riga ya gama shari'a. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kowace majalisar shayi a Korgom ta koma ma'aikatar harkokin waje. Wanda bai taɓa wuce Kona ba, shi zai faɗa maka ranar da za a ja waya a kan iyaka. An ce 'yan Nijeriya na kwashe dukiyarsu kafin a rufe, kuma an ga Iliyasu a garin jiya da yamma. Shi ke nan samari suka tare shi, suka kulle shi a zauren mai gari.

Ajidan mutum ne mai sanyin magana da yawan kallon ƙasa. Ya kori 'yan kallo, ya zagaya turken. Akwai sawun tayar amalanke a bakin darni, sawun saniya na biye da shi, ba alamar ja ko turjiya. Sawun maraƙi kuwa babu. An ɗora ɗan a amalanke ke nan, uwa ta bi da kanta. Sawun ya shiga babbar hanya ya ɓace cikin na shanun gari. Ajidan ya dawo ya tsaya a kan igiyar, ya daɗe yana dubanta bai taɓa ba.

"Baiwar Allah, ke kika naɗe wagga igiya?"

"Ni, Shef? Ni da nika jehwa ta bisa darni in wuce?"

"Wa ya taɓa yi miki zancen saniyar?"

"Nura mahauci yakan yi mani wasa, wai in ta tsuhwa in tuna da shi. Ɗanbaba dillali kuma ya ce in saida tun masu ita ba su amshe ba. Rabin gari ma haka suka ce. Na ce masu ba a saida amana."

"Iliyasu hwa?"

"In shi na, to ban san kowa ba cikin duniya."

A zauren mai gari Iliyasu na zaune da tsagaggiyar riga, fuskarsa a ɗaure don baƙin ciki.

"Mi ya kawo ka Korgom?" in ji Ajidan.

"Zumunta. Ko ita ma an hita daga cikinta?"

Ajidan ya danne dariya. "An ce ka zo ɗaukar saniyarka."

"In ina son abina, da rana zan zo in yi sallama. Maraƙin ko ba nawa ba ne, na marayu ne. Wanda ya amshe ɗan habbanaye, ko rijiya ba a sake haɗuwa da shi a wajenmu."

"Igiyar ta wace ce?"

"Tawa. Ni na tuƙa ta, ni na ɗaura wa saniyar ranar da na kawo ta. Ran da za ta koma gida, da igiyarta za ta koma."

Nura mahauci bai ci lokaci ba. A Kona ya kwana, wajen bikin suna, shi ya yi yanka da fiɗa, kuma mai sunan ya shaida ta waya. Ba shi da amalanke, ba kuma mai ba shi aro tun da ya karya wa liman tasa.

Duk wannan zirga-zirga Ɗanbaba dillali na biye da Ajidan. Shi ya kawo ruwa, shi ya kaɗe tabarma, shi ya fi kowa tausayin Tanna da baki.

"Yallaɓai Ajidan, kai ma ka sani," in ji shi, "tun da muka bar ƙungiyar nan, mutanen ga ba su da sauran kunyarmu. A kai shi gidan kaso kawai, jama'a su huta."

"Za a kai wanda za a kai," in ji Ajidan. "Kahin nan, uwargida ta aiko ni neman tunkiya. Ka san mai saidawa?"

Ɗanbaba ya washe baki. A ce dillali ya ji ciniki ya tsaya? Nan da nan ya ja Ajidan gidan wani maƙwabci, mai gari da dattawa suna biye. Aka yi ciniki, aka tafa. Ɗanbaba ya durƙusa, bakinsa na ta yabon tunkiya, hannunsa na aikinsa. Ya zaro igiya daga aljihu ya ɗaura mata, ya kwance ta mai gida, ya naɗe ta tsakanin tafi da gwiwar hannu, ya ɗaure tsakiya, ya rataye a kan turke.

"Don mi ka bar igiyar?" Ajidan ya tambaya a hankali.

"Haba Yallaɓai! Ai ba a tahiya da igiyar mai dabba. Arzikin gida na cikinta. Tun ina yaro a kara haka aka koya mani."

"Madalla. Ɗauko ta, mu je gidan Tanna."

Aka rataye igiyoyin biyu a jere. Naɗi ɗaya, ɗauri ɗaya. Ɗanbaba ya duba, ya sake dubawa.

Ajidan ya juya ga dattawa. "Ɓarawon hanya yanke igiya yake yi, ko ya ja saniya da ita. Iliyasu kuwa igiyar tasa ce, ba zai bar ta ba, ba zai kuma taɓa maraƙi ba. Wanda ya zo da tasa igiya, ya tsaya ya naɗe ta masu gida ya rataye, mutumin kasuwar dabbobi ne, hannunsa ya yi abin da ya saba bai shawarce shi ba. Korgom dillali ɗaya gare ta, kuma yana da amalanke. Ya jira sai ran da Iliyasu ya shigo gari, don ya san bakinku zai yi masa sauran aikin."

Ɗanbaba ya fara rantsuwa, ya tsaya a tsakiya. Ya ce saniyar na wata tunga bayan Kona, yana jiran motar da za ta kai ta kasuwar Mayahi, inda ba wanda ya san ta. Ajidan ya sa masa ankwa, ya tura jandarman tare da samarin da suka fi zaƙewa da safe su je su dawo da ita. Ba wanda ya ɗaga kai a cikinsu.

Bayan la'asar aka ji kukan saniya a bakin gari, maraƙi na tsalle a gefenta. Mai gari da kansa ya buɗe zaure, ya riƙe hannun Iliyasu a gaban jama'a ya roƙe shi gafara. Tanna ta rungumi wuyan saniyar, sannan ta koro ta gaban mai ita. Kunya ta ishe ta, har ba ta iya dubansa.

"Malam Iliyasu, ka tahi da abinka. Maraƙi ya kusa yaye. Garinmu ya ci mutuncinka, kuma ba mu san abin da iyaka za ta zama gobe ba."

Iliyasu ya matso. Ya shafa gefen saniyar, ya danna cikinta da tafin hannu, fuskarsa ta saki a karon farko tun safe.

"Ciki gare ta," in ji shi. "Ba a korar mai ciki doguwar hanya. Manya sun shiga ƙungiya sun hita, wannan nasu ne. Ni da mijinki ba takarda muka yi ba. Ki riƙe ta, na biyun ma na yaran ne. Baɗi ina nan tahe in gan shi, ko ta wace hanya aka bar mani."

Tanna ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Mai gari ya yi gyaran murya, ya ce baɗi a gidansa Iliyasu zai sauka.